Alƙalancin Rawa a Madina

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙo: "Zulai yaya Madina?" "Zulai ina tsarabarmu?" "Zulai wai da gaske rawa kika je yi a garin Manzo?" To bari in rubuta sau ɗaya in tura guruf, kowa ta karanta da idonta. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, ko ƙwallon dabino ba za ta gani ba. Kuma tun yanzu ku sani, babu bidiyo. In an zo wurin za ku ji dalili.

Ni ba rawa na je yi ba. Gwaggona Rabi, ƙanwar Baba, ita ta aiko min da bizar ziyara. Ta haura shekara ashirin a Madina tana aikin ba da magani a wani asibiti, har mutanen can sun manta sunanta, sai dai Duktura. Na ɗauka tausayina ta ji, ganin tun da na gama sakandare nake duƙe kan keken ɗinki. Ashe aiki ta tanadar min.

Daga Zariya muka kama hanyar Kano da sassafe, jakata ɗaya ta kaya, ɗaya ta saƙon Mama: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da daddawa ƙulli uku a cikin leda biyar. A jirgi aka haɗa ni kujera da wata tsohuwa mai zuwa Umra. Da jirgi ya fara gudu ta damƙe min wuyan hannu, ba ta sake ni ba sai da aka kawo abinci, shi ma don in ɓare mata ledar cokali ne. Ta ci nata, ta dubi nawa ta ce, "'Yar nan, ba kya cin kaza ne?" Na ce ina ci. Ta ce, "Au." Ta ci gaba da kallonta har na miƙa mata.

Wautar farko tawa ce. Kwana biyu kafin tafiya na sa aka ƙunsa min lalle, ja har gaɓar yatsu, wai don kada Larabawa su raina ni. Da muka sauka, aka zo wurin ɗaukar zanen yatsa, na'ura ta ce ba ta san ni ba. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ta goge yatsuna, ta danna su kamar mai murza tuwo, shiru. Sau bakwai. Layin da ke bayana ya fara tsaki da yare kala-kala. A na takwas ɗan ƙaramin yatsana ya cece ni, shi ne wanda mai lallen ta yi wa ha'inci.

Ina fita daga nan aka ce in buɗe jakar Mama. Jami'in ya kwance leda ta farko, ta biyu, ta uku, a ta huɗu ya ja da baya ya kira abokin aikinsa. Na fara haɗa Larabcin Islamiyya a kaina, ban samu kalmar daddawa a ciki ba. Abokin nasa, wani baƙi dogo da kakinsa tsaf, ya leƙa, ya faɗa masa wani abu da Larabci, sannan ya dube ni ya ce da Hausa, "Daddawa ce. Kakata tana sa wa a miya. Rufe, rufe, don Allah rufe."

Gwaggo da kanta ta tuƙo mota ta zo ɗaukata, ba direba ba ɗan rakiya. Gidansu a unguwar Ranuna yake, kusa da Ƙuba, hawa na uku. Mijinta injiniya ne, wurin aikinsa da nisa, sai ƙarshen mako ake ganinsa. A bakin ƙofa 'yarta Nusaiba ta tare ni. Ita a can aka haife ta, na girme ta da shekara ɗaya, kuma ba mu taɓa haɗuwa ba sai a waya. Gaisuwarsu ta manna kumatu ce, sau ɗaya a wannan gefe, sannan a koma ɗayan a yi ta yi ba adadi. Ban san inda ake tsayawa ba, na juya kai ba a kan lokaci ba muka gwara hanci.

Kun san 'yar gwaggo abokiyar wasa ce, don haka na buɗe mata wuta nan take. Na ce, "Ke ce Balarabiyar gidan? Da wannan hancin na Tudun Wada?" Ta yi murmushi ta amsa da Larabci. Duk abin da aka faɗa da Hausa tana ji, amma amsa sai da Larabci. Uwar ta yi mata Hausa, ta mayar da Larabci, haka suke zaune kamar rediyo biyu a ɗaki ɗaya.

Abinci kuwa, ba laifi, amma akwai gyara. Da safe wani faffaɗan burodi ne mai zafi, tamis, ana dangwala shi a dafaffen wake da aka dama da man zaitun. Wannan na yarda da shi. Da rana shinkafa da nama, gobe shinkafa da kaza, jibi shinkafar ta canza launi a ce maka wani abinci ne daban. Gahawarsu kuma ɗaci kamar maganin shawara, a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa don in rabu da ita, ana ƙara min. Kofi shida na sha a gidan maƙwabta kafin Nusaiba ta nuna min cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. A garinmu in ka girgiza kofi ai ƙari kake nema.

Ranar da Gwaggo ta kaɗa miyar kuka da daddawar Mama, ba a yi rabin awa ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajja Kaltuma ce daga hawa na ɗaya, wata dattijuwa 'yar Chadi mai sayar da humra da turaren wuta, aminiyar Gwaggo. Ta ce, "Duktura, tun daga matakala hancina ya gaya min an yi baƙi daga gida." Ta zauna ta ci malmala biyu tana ba mu labari, ba ta bar wa kowa wurin sa baki ba.

Na je Masallacin Annabi washegarin zuwana, kuma kusan kullum bayan nan. Wannan ba zan iya ba ku labarinsa ba. Ni da kuka sani da baki, na tsaya na rasa abin cewa sai hawaye. Allah Ya kai kowa.

A hanyar dawowa daga can ne, rana ta uku, Gwaggo ta rage sautin karatun da ke motar ta ce, "Zulai, an ce duk Tudun Wada ba a biki sai da ke."

Na ce, "Gwaggo, sharrin mutane ne."

"Na ga bidiyon kamun Asma'u. Ba sharri ba ne. Kin san rawa."

Na shirya jin faɗa. Sai ta ce, "Ƙanwarki ta gama karatun gashin ƙashi lafiya lau. Sai ta shiga wani wurin motsa jiki na mata a titin Sultana, ta haɗu da wata malama mai koyar da wata irin rawa. Yanzu wai an zaɓe ta ta je Jidda wata shida ta ƙaro ilimin abin. Babanta ya ce abin da na yanke shi ke nan. Ranar Lahadi ta sama suke son amsa."

"To Gwaggo mene ne a ciki?"

"Na leƙa ɗakinta rannan na same ta kwance a ƙasa tana kallon hannunta. Na je na ɗora shayi na dawo, tana nan. Na ce lafiya? Ta ce rawa take yi." Ta juyo ta dube ni har sai da na nuna mata titi. "Ni ban san rawa ba. Ki bi ta, ki gani, ki gaya min rawa ce ko ciwo ne. Ranar Asabar suna da wasa, mata zalla, zan je. Amma abin da kika ce da shi zan yi aiki."

Kun ji yadda aka yi na zama alƙaliya ba tare da na nema ba.

Da yamma ina ninke kaya a ɗakin da muke kwana, Nusaiba ta shigo ta tura ƙofa. Sai na ji an ce, "Yaya Zulai, Mama ta sa ki leƙen asiri, ko?" Na waiga ina neman wanda ya yi magana. Ashe ta iya Hausa. Harshen ne a karye, kuma tun tana ƙarama baƙi ke mata dariya in ta yi, shi ya sa ta daina.

Na ce, "Munafuka. Kwana uku kina wahalar da ni da magana da hannu."

Ta ce, "Ke ma za ki yi dariya."

"Zan yi mana, ai haƙƙina ne. Kuma eh, leƙen asiri aka sa ni. In abin banza kike yi zan faɗa."

Wurin nasu yana saman wani shagon labule a Sultana, titin da ba ya rabuwa da cunkoso. Ƙofa a kulle, sai an danna ƙararrawa an ga fuskarki. A ciki mata tara, kowa ta rataye abayarta, daga mai wando sai mai doguwar riga. Malamar, Ustaza Rim, siririya ce kamar tsinken tsire, ga furfura ba ta rina ba. Na zauna ina jiran a kunna kiɗa. Ba a kunna ba. Mu mun san in kiɗa ya canza rawa ke canzawa, to nan kiɗan ne babu gaba ɗaya.

Ustaza ta ce in shiga cikinsu, Nusaiba na fassara min. Darasin farko, a taka daga wannan bango zuwa wancan. Na taka na isa, na jingina ina jiransu. Na duba, ko ƙafa ɗaya ba su gama ɗagawa ba. Nusaiba ta ce, "Minti goma ake yi."

"Daga nan zuwa nan? Akwai ƙaya ne a ƙasan?"

"Ustaza ta ce ki ji nauyin ƙashinki."

"Ki ce mata ƙashina lafiyarsa lau, na gode."

Bayan nan aka kwanta a ƙasa, aka yi birgima, aka tashi, wata ta tsaya tana karkaɗa kafaɗa ɗaya kamar ƙuda ya dame ta. A raina na ce shari'a ta ƙare, Gwaggo ta yi gaskiya, ciwo ne.

Da za a tashi Ustaza ta ce in nuna musu rawar garinmu. Nan fa aka zo gidana. Na kunna waƙar biki a waya, na ɗaure gyale a ƙugu, na ba su abin da ya samu. Suka yi ta tafi da ihu. Ina haki ina jin kaina, sai Ustaza ta kashe wayar ta ce in sake yin daidai abin da na yi, amma ba kiɗa, kuma a hankali, kamar a cikin ruwa nake.

Na ce wannan ai wasa ne. Na fara sauka ƙasa kamar yadda muke yi, sannu sannu. A rabin hanya cinyoyina suka fara karkarwa. Abin da nake yi cikin ƙiftawar ido a gidan biki, ashe gudun ne ke ɗauke da ni. Ga idanun mata tara a kaina, ba kiɗan da zan ɓuya a bayansa, ina jin numfashina da ƙarar gwiwata. Ban taɓa jin kunyar rawa ba sai ran nan, kuma da kayana a jikina tsaf. Na dafa ƙasa na zauna daɓas. Washegari zaman tahiya sai da na yi dabara.

Da Gwaggo ta tambaye ni, na ce, "Ana kan bincike."

Wasan nasu na Asabar, Ustaza ce ta ce kowace ta kawo motsin matan gidansu. Wata ta kawo yadda kakarta ke murza ƙullu, wata yadda ake jijjiga jariri. Nusaiba na son daka da tankaɗe da goyo, amma turmi a hoto kawai ta san shi. Kwana huɗu muna kulle ɗaki ina koya mata da sandar goge-goge.

"Ba da hannu ake daka ba, malama, da ƙugu ne. Wannan dakan naki ko tumatir ba zai fasa ba."

"Haka?"

"Haka ake kashe kunama. Sake."

Abin da zan faɗa mata na gaskiya, ba ta gajiya. Ni sau uku in na nuna abu raina ya fara ɓaci, ita za ta yi sau hamsin. Ranar Alhamis ta yi min tankaɗe ba rariya ba gari, na ga har ina kawar da fuska kada ya shigar min ido. Amma akwai kashi na ƙarshe da ta hana ni gani, wai sirri ne.

Aiki ɗaya tak ta ba ni. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya Zulai, a tsakiya zan faɗi ƙasa, jikina zai yi rawa sosai. Mace ce da ta gaji. Ki gaya wa Mama da Hajja tun a mota, da gangan ne. Kada ki manta."

Na ce, "An gama."

Ban manta ba, kada a yi min ƙarya. Ranar Asabar bayan la'asar muka shiga mota, Hajja Kaltuma a gaba. Na ce, "Hajja, akwai wani wuri a wasan da..." Ta ce, "Ya binti, bari in ƙarasa wa Duktura," ta ci gaba da labarin wata mai sayen humra da ta dawo da kwalba bayan ta shafe rabi. Muka wuce masallacin Ƙiblatain na sake gwadawa. Ta ce, "Sabur, yi haƙuri," ta shiga labarin surukar matar. Raina ya ɓaci na ce a zuciyata, to kowa ta gani da idonta. Na kama kallon taga.

Wurin wani gida ne mai faɗin fili da ake haya don taro a bayan gari, istiraha suke ce masa. A bakin ƙofa wata mata mai faɗin ƙirji ta karɓe wayar kowa ta jefa a jaka ta ba mu lamba. Na ce hoto ɗaya kawai zan ɗauka. Ko kallona ba ta yi ba. Haka al'adarsu take a duk taron mata, har biki, don a ciki ake cire abaya. Masu neman bidiyo kun ji. Kuma in kun ga abin da ke ƙarƙashin baƙaƙen abayoyin nan, za ku daina tausayinsu.

Gwaggo ta gayyato ƙawayenta Hausawa huɗu, matan likitoci da wata malamar jami'a. An ce musu rawa, don haka suka zo da shirin biki, leshi da ɗaurin ɗankwali kamar za a kai amarya. Muka cika layin gaba. Aka ja labule, aka kashe fitilu sai biyu. Mata tara suka fito da dogayen riguna ruwan ƙasa, ba takalmi, suka tsaya.

Suka tsaya dai.

Hajja ta ce da muryar da take zaton raɗa ce, "Na'urar kiɗan ce ta lalace?"

Na ce, "Babu kiɗa, Hajja."

"Babu? To alhamdulillahi, ko malamai ba su da ta cewa."

Aka fara. Mai murza ƙullu ta murza, mai jijjiga ta jijjiga. Nusaiba ta fito gaba ta ɗaga taɓaryar da babu, ta sauke da ƙugu yadda na koya mata, har ana jin dirar a ƙafarta. Ɗaya daga cikin matan likitocin ta ce, "Lah, daka take!" Na gyara zama, na ce a raina ɗalibata ce. Ta yi tankaɗe, ta yi goyo, ta sake daka, tana ƙara sauri, sauran suna ja da baya har ta rage ita kaɗai. Sai ta yanke jiki ta faɗi, ta fara karkarwa tun daga kafaɗa har yatsun ƙafa.

Hajja ta ce, "Innalillahi! Sun kama ta!"

Matar da ke hawa matakala tana hutawa sau biyu, ban ga lokacin da ta isa wurin ba. Ta warware gyalenta ta lulluɓe Nusaiba, ta damƙe babban yatsanta, ta fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi tana tofawa. Ta kai ƙarshe ta ɗora da faɗa: "Ku fita! Ba ku da kunya? Nan garin Manzo ne!"

Gwaggo kuma ta miƙe rabi tana lalube a jaka. "Ba ta ci komai ba tun safe, sugarta ce ta faɗi."

Na riƙo ta. "Gwaggo zauna, cikin rawar ne."

"Kin sani?"

"Na sani."

"Kika yi shiru?"

Na mayar da ido kan fili. Larabawan da ke bayanmu ko tari babu, sun ɗauka tsarin wasan ne. Ustaza Rim na gefe ta toshe baki da hannu biyu. Ta ƙarƙashin gyalen na hango ido ɗaya na Nusaiba, kuma ni yake kallo. Wata shidanta na Jidda ne kwance a ƙasan nan, kuma gajen haƙurina ne ya kayar da shi.

Na cire takalmi na fita filin. Da hasken ya dake ni na gane in na finciko Hajja da sauri, kowa zai san ɓarna aka yi. Na durƙusa a hankali, cinyoyina na tuna min ranar farko, na kai bakina kunnenta. Allah Ya yafe min, na ce, "Hajja, sun fita. Na ga fitarsu. Amma sannu za mu taka, kada su ji motsi su dawo."

Ta zaro ido ta gyaɗa kai. Na kama hannunta muka miƙe. Ni Zulai, da ban taɓa jira shayi ya huce ba, na yi tafiyar bango zuwa bango da tsohuwa a hannu, ƙafa ɗaya sai ta gama sauka kafin ɗaya ta tashi, Hajja na karanta Falaƙi da Nasi ƙasa-ƙasa tana waige. Ban san ko minti nawa muka yi ba. Na ji nauyin ƙashina, na ji na Hajja.

Muna zama, gyalen ya motsa. Nusaiba ta fara tashi, kuma wannan ne kashin da ta ɓoye min. Ta zauna irin zaman mai sallame salla. Ta dafa gwiwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya nemi bangon da babu. Ta taso rabi ta tsaya, ta cije leɓe, ta ƙarasa. Ta dafe ƙugu. Ta yi 'yan taku uku gajeru kafin ƙafar ta yarda ta miƙe. Sannan ta miƙa hannu sama ta ɗauko wani abu daga kan kantar da babu, ta nisanta shi da fuska tana karantawa ta saman tabarau.

Malamar jami'ar ce ta fara cewa, "Duktura!"

Layinmu ya fashe da dariya. Wata har da dukan cinya. Wallahi Gwaggo ce, ba abin da ta rage, har yadda take zare ƙafa daga takalmi a ɓoye ta murza ta a ƙaurinta in tsayuwa ta yi yawa. Ni ma na dara. Da na waiga na ga Gwaggo ba ta dariya, sai tawa ta maƙale. Kwaikwayon uwa a gaban ƙawayenta, a garinmu kun san sunan wannan.

Nusaiba ba ta tsaya ba. Ta koma ƙasa, ta dafa gwiwa, ta tashi, ta miƙa, ta karanta, ta ba wa wani, ta koma ƙasa. Ta sake. Ta sake. Kowane tashi ya fi na baya wuya, zufa na ɗiga a tabarma. Wajen karo na shida ba mai dariya. A ƙarshe ta zauna ta miƙe ƙafar, ta dinga shafa gwiwar da tafin hannu, ita kaɗai, har aka kashe fitila.

Aka yi tafi sosai. Wata Balarabiya a bayana tana share hawaye. Ustaza Rim ta zo ta rungume Hajja, ta tambaya ko za ta yarda ta sake fitowa a wasa na gaba. Hajja ta ce, "In sun dawo a kira ni, ko ina ne." Gwaggo ba ta tafa ba. Ta sa abayarta ta karɓi wayarta ta ce mu tafi kada magariba ta same mu a hanya. Har gida ba wanda ya yi magana sai Hajja, mai cewa Allah ne Ya sa ta zo.

Ranar Lahadi da safe muka zauna a ƙasa gaban tamis da wake. Nusaiba ba ta taɓa nata ba. Gwaggo ta kurɓi shayi ta ce, "To alƙaliya. Rawa ce ko ciwo?"

Na so in yi kwana-kwana, amma ba halina ba ne. Na ce, "Gwaggo, in aka kai wannan gidan biki, da takalmi za a koro mutum. A wurina ba rawa ba ce. Amma na gwada na kasa. Kuma shekarata nawa ina rawa, ban taɓa sa kowa ya yi shiru ba. Ni dai jiya ke na gani."

Gwaggo ta ajiye kofi. "Nusaiba, tashi. Yi min wancan na ƙarshe."

Nusaiba ta dube ni, ta koma tsakiyar ɗaki. Ta zauna, ta dafa gwiwa, ta fara tasowa.

"Tsaya nan. Wace gwiwa kika dafa?"

Ta nuna ta dama.

"Ta hagu ce ke min ciwo. Ta hagu! Kin karanta gashin ƙashi, kina gidan nan, kin tara min mutane sun yi min dariya, kuma ƙafar ma ba ita ba ce."

Nusaiba ta fara bayani da Larabci. Abin da na tsinta shi ne, kullum daga gaba take kallon uwar, shi ya sa ta juya abin kamar a madubi.

Gwaggo ta ce, "To dawo bayana."

Ta ture faranti, ta sauka kan darduma ta yi zaman tahiya. Ta dafa ta hagu, ta nemi bango, ta taso rabi. "Kin gani? Nan ba tsayawa nake don ado ba, jira nake ta saki. Kuma ba na cije leɓe, salati nake." Nusaiba na bayanta tana bi. Suka koma ƙasa suka sake. Gwaggo ta gyara mata kafaɗa, ta gyara mata inda ake sa tafin hannu. Suka koma ƙasa karo na uku.

Daga nan zaune, ba ta ko waiga ba, ta ce, "In kin je Jiddan, ki yi shi daidai. Kada a ce 'yar Duktura ba ta san hagu da dama ba."

Nusaiba ta ƙwalla ƙara ta faɗa bayanta ta ƙanƙame ta. Gwaggo ta ce a sake ta, za ta makara wurin aiki, don a can Lahadi ranar aiki ce. Ta dafa gwiwa, ta nemi bango, ta yunƙura. Ta sake yunƙurawa. Sannan ta ɗago ta dube mu.

"To 'yan rawa, me kuke kallo? Ku zo ku ɗaga ni. Wannan ba ya cikin wasan."